Abin da Kyamara Ba Ta Ɗauka: Eliud Kipchoge da Ma'aunin Sadaukarwar Ɗan Wasa

A watan Satumban 2015, ana tsaka da gudun fanfalaki na birnin Berlin, masu kallo suka hango wani abu yana lilo a takalman Eliud Kipchoge na Kenya. Shimfiɗun cikin takalman ne suka zame tun tafiya ba ta yi nisa ba, suka leƙo waje, suna kaɗawa duk takun da ya yi. Bai tsaya ya gyara ba, domin a irin wannan tsere wanda ya sunkuya ya ɗaure takalmi sai dai ya hango ƙeyar abokan gudu. Haka ya ci gaba, tafin ƙafarsa yana gogar takalmi kai tsaye, har ya cika kilomita 42 da mita 195 cikin awa 2 da minti 4 cif. Shi ya zo na ɗaya, ƙafafunsa sun yi bororo suna jini. Irin wannan hoto ne ke zuwa zukatan mutane idan aka ce wane ya sadaukar da kansa ga wasa: mutum ya cije, ya shanye azaba a gaban dubban 'yan kallo, ya ƙi bari har sai ya ci.

Babu mai musun cewa akwai jarumta a cikin wannan. Sai dai jarumtar awa biyu ita ce kaso mafi ƙanƙanta a cikin abin da ya gina Kipchoge, kuma al'ummar da ta ɗauke ta a matsayin ma'aunin ɗan wasa nagari tana cutar da 'yan wasanta ba tare da ta ankara ba. Sadaukarwa ta gaskiya tana cikin ranakun da babu kyamara: tashi a kan lokaci, bin tsarin koci, sanin inda ya kamata a dakata, nisantar haramtattun ƙwayoyi, da maimaita wannan shekara da shekaru. Waɗannan ne ke hannun ɗan wasa, don haka a kansu ya dace a tuhume shi. Lambar zinare kuwa ba shi kaɗai ke da ta cewa a kanta ba, domin akwai abokin hamayya, akwai yanayi, akwai rauni, akwai kuma rabo. Duk inda aka juya lissafin, aka ce lamba ce kaɗai shaidar sadaukarwa, to an buɗe wa maguɗi da nakasa jiki ƙofa.

Wanda yake son ganin abin da ake nufi sai ya dubi Kaptagat, wani ƙauye a bakin daji kusa da garin Eldoret, a kan tudu mai tsayin kimanin mita 2,400 daga doron teku. A nan kamfanin Global Sports Communication na tsohon ɗan tseren Holan, Jos Hermens, yake da sansanin atisaye ƙarƙashin koci Patrick Sang. Shi kansa Sang ya ci azurfa a tseren mita 3,000 mai tsallaken shinge da ruwa a gasar Olamfik ta Barcelona a 1992, kuma ɗan yankin su Kipchoge ne a gundumar Nandi. Tun Kipchoge yana da shekara 16 Sang ya fara ba shi tsarin atisaye, kuma fiye da shekara ashirin ke nan ba su rabu ba. Ginin sansanin ba na a-zo-a-gani ba ne. 'Yan tseren kan shiga ranar Litinin su fita Asabar, iyalansu kuwa sai ƙarshen mako, ko da yake gidan Kipchoge a Eldoret yake, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba. Ana tashi kafin ƙarfe shida, a fita kan hanyoyin jar ƙasa da sauran duhu da sanyi, a dawo a sha shayi da burodi, a kwanta, da yamma a sake fita gudu mai sauƙi. Talata ta filin tsere ce, Alhamis ta dogon gudu na kilomita 30 ko 40, Asabar kuma a riƙa taka wuta ana sassautawa. Idan aka haɗa na mako, ya kan haura kilomita 200. Abinci shi ne ugali, wato tuwon masara irin nasu, da ganye da wake da madara. Akwai jadawalin aikin gida, shara da wankin banɗaki da gyaran kayan miya, kuma mutumin da ya ci zinaren Olamfik sau biyu yana cikin jadawalin daidai da yaron da ya zo jiya. Bayan kowane atisaye ya kan buɗe littafi ya rubuta da hannu nisan da ya yi da lokacin da ya ɗauka da yadda jikinsa ya ji, al'adar da ya riƙe tun 2003.

Wani zai iya ɗaukar wannan zama a matsayin tsaurin kai ko neman suna, alhali yana da tushe a yadda jikin ɗan Adam yake aiki. Zuciya da jini da jijiyoyi ba sa ƙaruwa da ƙarfi a lokacin da ake wahalar da su, sai a lokacin hutun da ya biyo baya, kuma a hankali suke yi, wata bayan wata. Ƙashi da jijiya sun fi huhu jinkirin sabawa da nauyi, shi ya sa mai gaggawa kan ji numfashinsa ya ƙaru ya ɗauka ya isa, sai ƙafa ta ba shi kunya. Saboda haka mafi yawan gudun da ake yi a Kaptagat ba da cikakken ƙarfi ake yin sa ba, kuma Kipchoge ya sha bayyana cewa ba ya ƙure kansa a atisaye, yana ajiye wannan sai ranar gasa. Ga matashi mai jini a jika, kame kai a ranar da yake jin zai iya tashi sama ya fi gudu da bororo wuya. Aikin gida da zaman tare kuma suna da nasu amfanin: wanda ke wanke banɗakin da abokansa ke shiga da wuya ya ga ya fi ƙarfin gyaran koci, kuma wanda ya san mutum ashirin na jiransa a bakin ƙofa da asuba ba ya tsayawa shawara da bargo. Littafin rubutun shi ne shaidar da zai duba a daren gasa ya tabbatar wa kansa cewa an yi aikin, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Shekaru su ne babbar hujja. A 2003, yana da shekara 18, Kipchoge ya ci zinaren mita 5,000 a gasar duniya a Paris, inda ya sha gaban Hicham El Guerrouj na Maroko da ƙyar, Kenenisa Bekele na Habasha ya zo na uku. Kowa ya ɗauka duniya ta samu sabon sarkin tsere. Abin da ya biyo baya shi ne shekaru kusan goma na zama a bayan wasu: tagulla a Athens a 2004, azurfa a Beijing a 2008, sannan a 2012 ya zo na bakwai a gwajin zaɓen tawagar Kenya, aka tafi Landan babu shi. Da yawa a nan suke rataye takalmi, ko su canza koci, ko su nemi gajeriyar hanya. Shi kuwa ya zauna da Sang suka sake lale, ya koma gudun kan titi. Ya ci fanfalakinsa na farko a Hamburg a 2013, daga 2014 zuwa 2019 kuma ya ci goma a jere, ciki har da zinaren Rio a 2016 da tarihin duniya na awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 39 a Berlin a 2018. Da za a auna shi da lamba kaɗai a 2012, da an ce ya ƙare. Da za a auna shi da abin da ke cikin littattafansa, da an ga babu abin da ya ragu.

Ƙalubale na farko da ake kawowa shi ne baiwa. Ana cewa yaron da aka haifa a tudun Nandi, ya tashi cikin iska mai ƙarancin iskar shaƙa, yana zuwa makaranta da gudu, a cikin al'ummar Kalenjin da ta cika duniya da zakaru, ba shi da abin da zai koya wa kowa game da horo. Akwai gaskiya a ciki, domin atisaye ba ya mayar da kowa zakaran duniya. Amma tudun nan ɗaya ne ga dubban matasa da ke gudu a Iten da Eldoret da Kapsabet, kuma a cikinsu an yi masu baiwar da ba ta gaza tasa ba. Samuel Wanjiru ya ci wa Kenya zinarenta na farko a fanfalakin Olamfik a Beijing yana da shekara 21, cikin zafi, da lokacin da ya girgiza masana. Kuɗi da suna suka zo masa a lokaci guda, rayuwarsa ta wajen fili ta rikice, ya rasu a watan Mayun 2011 bayan faɗowa daga bene a gidansa da ke Nyahururu, yana da shekara 24. Ba a kawo wannan don a yi masa hukunci ba, abin tausayi ne, kuma waɗanda suka kewaye shi suna da nasu kason. An kawo shi ne don a nuna cewa baiwa tana kai mutum gaba, amma tsari da mutanen kirki a gefe ne ke sa ya daɗe a can.

Ƙalubale na biyu ya fi ƙarfi: kuɗi da fasaha. Ranar 12 ga Oktoban 2019 a Vienna, Kipchoge ya zama mutum na farko da ya yi nisan fanfalaki cikin ƙasa da awa biyu, awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, wato kamar ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 17 sau 422 ba hutawa. Amma kamfanin INEOS ne ya zuba kuɗi, 'yan rakiya 41 ne suka riƙa karɓa-karɓa suna tare masa iska, mota a gaba tana haska masa layin gudu a kan kwalta, ana miƙo masa abin sha daga kan keke. Hukumar wasannin tsere ta duniya ba ta amince da shi a matsayin tarihi ba, kuma ta yi daidai. Ga kuma takalman Nike masu kauri da faranti mai tauri a ciki, waɗanda wani bincike a Jami'ar Colorado, da kuɗin kamfanin, ya nuna suna rage ƙarfin da mai gudu ke kashewa da kimanin kashi 4 cikin ɗari, har hukumar ta kafa dokar iyakance kaurin takalmin titi zuwa milimita 40 a 2020. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya isa ya sa a yi hattara wajen kwatanta lokutan yau da na jiya. Sai dai bai taɓa maganarmu ba. Babu irin waɗannan takalma a Paris a 2003. A Sapporo kuwa, inda aka yi fanfalakin Olamfik na Tokyo a watan Agustan 2021, manyan abokan karawarsa duk sun sanya irinsu, ba ɗan rakiya ba mota, ga zafi ga gumi, ya ba wa na biyu tazarar daƙiƙa 80, ya zama mutum na uku da ya ci fanfalakin Olamfik sau biyu bayan Abebe Bikila da Waldemar Cierpinski.

Inda ma'aunin lamba-kaɗai ke nuna mugun halinsa shi ne batun ƙwayoyin ƙara kuzari, kuma Kenya na cikin ƙasashen da suka fi ɗanɗana kuɗarsa. A gasar Rio ɗin da Kipchoge ya ci zinare, Jemima Sumgong ta ci na mata, karo na farko ga wata 'yar Kenya. Watanni kaɗan bayan haka, a 2017, aka samu sinadarin EPO a jikinta, wanda ke ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, daga baya kuma aka ninka hukuncinta zuwa shekara 8 saboda gabatar da takardun asibiti na bogi. Asbel Kiprop, zakaran mita 1,500, an dakatar da shi shekara 4 a 2019. Wilson Kipsang, wanda ya doke Kipchoge a Berlin a 2013 ya kafa tarihin duniya, an dakatar da shi shekara 4 a 2020, ba don an samu wani abu a jikinsa ba, sai don kauce wa masu gwaji da ba da hujjar ƙarya. Ruth Chepngetich, wadda ta kafa tarihin mata a Chicago a 2024, an dakatar da ita shekara 3 a 2025. Waɗannan mutane ba ragwaye ba ne. Sun tashi da asuba, sun yi kilomitocin, sun sha wahalar da mafi yawanmu ba za mu iya jure ta mako guda ba. Abin da suka rasa shi ne riƙon amana, kuma wannan ya nuna cewa wahala kaɗai ba ta zama sadaukarwa sai an haɗa ta da gaskiya.

Za a ce wa'azin amana yana da sauƙi a bakin wanda ya ƙoshi. Wanda ya ci tseren Boston yana tashi da dala 150,000, a yankin da mafi yawan iyalai ke rayuwa da ƙaramar gona da saniya ɗaya ko biyu. Matashin da dangi suka zuba wa ido, ga dillali yana matsa masa, ga mai kemis yana cewa kowa ma haka yake yi, yana cikin jarrabawar da bai kamata a raina ba. Shi ya sa hukunta ɗan tsere shi kaɗai, a bar likita da dillali da koci, zalunci ne, kuma shi ya sa kafa hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta Kenya a 2016 da alƙawarin gwamnati a 2022 na kashe dala miliyan 5 duk shekara har shekara biyar suka zama dole. Amma talauci ba ya wanke maguɗi, domin wanda aka cuta shi ma talaka ne. Lokacin da aka ƙwace nasarar Boston ta 2014 daga hannun Rita Jeptoo saboda EPO, Buzunesh Deba ta Habasha ce aka ayyana a matsayin wadda ta ci, amma har 2024 ta shigo kuɗin kyautar bai iso hannunta ba. Ita ma tana da dangi, ita ma ta yi asubancin, kuma an raba ta da ranar da ya kamata duniya ta tafa mata.

Akwai wata fuskar kuma da ake yawan yi wa kirari alhali cuta ce, wato tunanin cewa ɗan wasa na gaskiya shi ne wanda ya miƙa jikinsa a yi yadda aka ga dama da shi. Mary Cain ta Amurka tana da shekara 17 ta kai wasan ƙarshe na mita 1,500 a gasar duniya a Mosko a 2013, ta shiga rukunin koci Alberto Salazar a Oregon. A 2019 ta fito fili ta bayyana yadda aka matsa mata ta rage nauyi har jinin al'adarta ya ɗauke shekara uku, ƙasusuwanta biyar suka karye. Salazar ya musanta da yawa daga cikin zarge-zargen, amma a shekarar aka dakatar da shi shekara 4 kan karya dokokin ƙwayoyi, aka kuma rufe rukunin. Cain ba ta gaza a biyayya ba, biyayyar ce aka yi amfani da ita aka karya ta. A ɗaya gefen ga Faith Kipyegon, wadda ta ajiye tsere ta haihu a 2018, ta dawo a tsanake ƙarƙashin Sang a Kaptagat, ta ƙara zinaren Tokyo da na Paris a kan na Rio, uku a jere a mita 1,500. Kocin da ke ganin ɗan wasa a matsayin mutum mai rayuwa bayan wasa shi ne ke cin moriyarsa shekara goma.

Wannan ya kawo mu ga tambaya mafi wuya, wato ko tsayawa a tsakiyar gasa saɓa wa sadaukarwa ne. Masu cewa haka suna da gwarzonsu, John Stephen Akhwari na Tanzaniya, wanda ya faɗi ya ji rauni a gwiwa a fanfalakin Olamfik na Meziko a 1968, ya ɗaure ƙafar ya ɗingisa har ya shiga fili fiye da awa guda bayan Mamo Wolde na Habasha ya ci, domin yana ganin ƙasarsa ta turo shi ne ya kammala. Abin ya cancanci girmamawa. Kipchoge kuwa, ranar 10 ga Agustan 2024 a Paris, yana neman zinare na uku yana da shekara 39, ciwo ya kama shi, ya koma tafiya da ƙafa, ya dakata bayan kimanin kilomita 30, ya cire takalmansa ya ba 'yan kallo. Karo na farko ke nan da ya fara fanfalaki bai ƙarasa ba, kuma a shekarar da ya sha zagi da ƙazafi marar tushe a shafukan sada zumunta bayan rasuwar ɗan tseren Kenya Kelvin Kiptum a hatsarin mota. A ganina mutanen biyu ba sa cin karo. Kowannensu ya zo fili bayan ya biya haƙƙin shiri, kowannensu ya duba jikinsa ya yanke hukunci da gaskiya. Abin da bai dace ba shi ne mai kallo daga kan kujera ya mayar da abin da Akhwari ya zaɓa wa kansa ya zama farilla a kan kowa, har yaro ya ɓoye rauni don tsoron a kira shi rago.

Sannan duk wanda ke neman sadaukarwa daga ɗan wasa, shi ma ana binsa bashi, kuma a nan ne maganar ta iso gida. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, an hana 'yan wasan Najeriya goma shiga fili, ba don an kama su da komai ba, sai don ba a yi musu gwaje-gwajen bazata guda uku da doka ta tanada kafin gasa ba, aikin da ke wuyan hukumomi. Sun yi shekaru suna shiri, sun iso Japan, suka ƙare da ɗaga kwalaye a kan titi. Ɗaya daga cikinsu, Annette Echikunwoke, ta koma wakiltar Amurka, ta ci azurfar jifan guduma a Paris a 2024. Wata kuma, Favour Ofili, ta sake cancanta a mita 100 a Paris amma ba a shigar da sunanta ba, duk da haka ta kai wasan ƙarshe na mita 200 ta zo ta shida. Najeriya ta dawo daga wannan gasa ba ko lamba ɗaya. Waɗannan 'yan wasa sun sauke nasu nauyin. Kafin gasar Los Angeles ta 2028, ya kamata hukumomin wasanni su yi gwaje-gwajen a kan lokaci, su tura sunaye kafin a rufe, su biya alawus kafin tafiya, su tanadi likitan da yaro zai gaya wa ciwonsa ba tare da fargabar a cire shi ba. Jami'in da ya kasa wannan a sauke shi, kamar yadda ake ajiye ɗan wasan da ya ƙi zuwa atisaye.